Jan Layi Biyar

Masu karatu, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau na daɗe ina juya shi a raina kafin in yarda in rubuta, domin ba ni kaɗai ya shafa ba, kuma akwai waɗanda ba za su ji daɗin ganin sunansu a ciki ba.

Sunana Radiyya. A Nguru aka haife ni, amma kakanmu daga Kano ya zo fataucin fata tun jirgin ƙasa yana kan ganiyarsa, shi ya sa har gobe Kanawa ake ce mana a unguwa. A shekarar 2008 ina da shekara ashirin da uku, na gama difiloma a ilimin kwamfuta, ina aiki a Gashua a 'yar cibiyar wani dattijo, Malam Saleh. Ɗaki biyu ne kacal, sai janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Litinin zuwa Alhamis ina kwana a gidan Goggo Saratu, ƙanwar Abbanmu, ranar Juma'a in hau mota in koma gida.

Abin da ke riƙe da cibiyar wata manhaja ce da ke buga wa makarantu masu zaman kansu takardar sakamakon jarrabawa. Malamai su shigar da maki, ita ta haɗa, ta jera wa ya zo na ɗaya wa ya zo na ƙarshe, ta buga. Makarantu goma sha ɗaya ke amfani da ita tsakanin Gashua da Nguru. Kowace makaranta tana da nata fayil ɗin da ke tsara fuskar takardar, tamfilet muke ce masa. Ku ɗauke shi kamar kwalin da tela yake yankawa ya ɗora a kan yadi. Shi ke nuna inda suna zai zauna, inda maki zai zauna, inda tambarin makaranta zai zauna.

Matsalar ita ce, wanda ya rubuta manhajar, duk sanda aka samu sabuwar makaranta sai ya kwafi tsohon tamfilet ya canja suna da tambari, ya ɗan cusa wani lissafin a ciki. Haka suka zama goma sha ɗaya, kamar 'ya'yan mutum ɗaya da kowa ya tashi a hannun wata goggo daban. In kuskure ya fito sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka gyara, kuma komai ƙoƙarinka sai ka manta guda.

Wanda ya rubuta ɗin kuwa ba kowa ba ne face Taufiq, mai nemana da aure.

Shi ya riga ni aiki a wajen Malam Saleh. Daga baya ya koma Nguru ya buɗe shagonsa na gyaran kwamfuta kusa da tasha, amma shi yake kula wa cibiyar da makarantun Nguru guda huɗu, ciki har da wadda ƙanwata take karatu. Dogo ne, wankan tarwaɗa, shaddarsa kullum kamar yanzu ta fito daga wajen bugu. Wata takwas yana zuwa gidanmu, kuma a wata takwas ɗin nan ya gama da kowa. Ya gyara wa Abba rediyo. Ya koya wa ƙanwata Shuhada lissafi. Ummanmu kuwa, in kun ji tana yabonsa sai ku rantse ita ta haife shi.

"Yaro mai kunya, mai sana'a, ɗan mutunci. Me kuma kike jira, Radiyya? Mala'ika?"

"Umma, ban ce ba na so ba."

"Ba ki kuma ce kina so ba. Ƙawayenki har da masu goyo na biyu. Ke kina can kin ƙura wa akwati ido."

Gaskiya ina sonsa, kada ku ce na yi muku ƙarya. Amma akwai wani abu da ya fara yi tun bayan damina ta yi nisa wanda ya tsaya min a rai. In muna hira sai ya dinga yi min wani kallo, irin kallon wanda ya yi maka babban alheri yana jiran ka ce na gode. Na rasa alherin. Na yi ta gaya wa kaina zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Da aka sha ruwa aka yi ƙaramar Salla, Umma ta matsa, Abba ya ce to manyansa su zo ranar Asabar ta ƙarshen Oktoba a gaisa a san juna. Na yi shiru, aka ɗauki shirun nan a matsayin amsa.

Saura mako biyu da zuwansu Malam Saleh ya kira ni ofis.

"Radiyya, na gaji da tamfilet goma sha ɗaya. Jiya wata makaranta ta ce a ƙara mata gurbin sa hannun uba, na gyara, sai ga takardar makarantar garin Jajimaji ta fito ba tambari. Ki dunƙule min su su zama guda ɗaya. Suna da tambari a ajiye su gefe, lissafi a fitar da shi daga cikin tamfilet ya koma wuri ɗaya. Amma sharaɗi, abin da takarda take fitarwa kada ya canja ko da ɗigo ne."

Ya miƙo min filash mai ɗauke da fayilolin makarantun. Al'adarsa ce duk ƙarshen zango ya zagaya makarantun da kansa ya kwafi duk abin da ke cikin kwamfutarsu ya adana, don gudun ɓacin rana.

Na ji daɗin aikin, don irinsa nake so. Gida ne za ka sake wa tsarin ciki, amma mai wucewa ta waje bai ga an taɓa ko bulo ɗaya ba. Da na tashi cin abincin rana na tura wa Taufiq saƙo ina ba shi labari. Ko minti biyu ba a yi ba 'yar Nokia ɗina ta yi ƙara.

"Har na makarantar su Shuhada za ki taɓa?"

"Duka goma sha ɗayan," na amsa.

"Ki bar min wannan, ni zan yi."

"Malam Saleh ni ya ba. Me ya sa?"

Aka jima. Na gama cin burabuskona, na wanke hannu, sannan amsar ta shigo.

"Haba Radiyya. Kin fi kowa sanin dalili."

Na karanta ya fi sau biyar. Ni na fi kowa sani? Sanin me? Na kira shi bai ɗauka ba. Da la'asar ya turo wani: "Na san ba kya son a yi maganar. Ki dai yi hankali da wannan fayil ɗin." Masu karatu, ruwa ba ya tsami banza. Tun daga ranar na ƙudurta cewa ba zan motsa ko harafi ɗaya ba sai na kafa abin da zai tsare ni.

Abin da na yi shi ne, kafin in fara dunƙulewar, na rubuta wata ƙaramar manhaja ta gwaji mai aiki da kanta. Ta ɗauki kowane ɗalibi na zangon da ya wuce, ta buga takardarsa da tsohon tamfilet, ta sake bugawa da sabon nawa, ta gwada su layi da layi. In sun yi daidai ta nuna kore. In sun saɓa ko da a lamba ɗaya ne ta nuna ja, ta faɗi wurin. Na ƙara mata da ɗaliban ƙarya na gwaji, wanda ya ci sifiri, wanda ya ci ɗari, biyu da suka yi kunnen doki, wanda bai zauna jarrabawa ba. Duk gyaran da na yi, maɓalli ɗaya zan danna ta duba min komai.

Goggo Saratu ta gan ni da yamma a tsakar gida ina zane-zane a takarda. Ita sana'arta haɗa humra da turaren wuta, gidan kullum kamar ɗakin amarya.

"Wai me kike ƙullawa ne haka, ko shayinki ba ki sha ba?"

Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta ajiye kwalbar da ke hannunta.

"Au, wannan ne? Ai ni ma haka nake yi. In zan canja mai sayar min da farcen haɗa humra, sai na ajiye tsohuwar kwalba a gefe. In na haɗa sabuwa in shinshina wannan in shinshina waccan. Hanci ba ya karɓar cin hanci."

Muka yi dariya. Sai ta kalle ni ta ƙasan ido.

"Amma ba aikin ne ya hana ki shan shayi ba. Yaron nan ne?"

"A'a, Goggo."

"To Allah ya sa."

Kwana takwas na yi ina aikin. Na cire lissafi daga cikin tamfilet, na haɗe abin da ya maimaitu, na zubar da tarkacen da ba a amfani da su. Kowace makaranta na gama, sai in danna gwaji in ga kore ya sauko reras. Goma suka wuce lafiya. Ta su Shuhada na bari ƙarshe, ban san ko tsoro ne ya sa ba.

Ranar Laraba da hantsi na danna. Kore ya dinga zubowa, aji ɗaya, aji biyu, har aka zo 'yan aji biyar na zangon ƙarshe. Sai ga ja. Wani ja. Har guda biyar.

Ɗalibai dubu biyu da ɗari uku da goma sha huɗu, biyar ne kawai suka saɓa, kuma duk 'yan aji guda ne.

Na buɗe na farko. Lamba 0417, Rahama Ibram. Darasin lissafi, tsohuwar takarda ta ce 38, sabuwa ta ce 83. Na sauke ajiyar zuciya, na ce ni ce na juya lambobin garin gyara. Na duba asalin makin da malami ya shigar. Tamanin da uku ne. Wato tawa ce daidai, tsohuwar ce ta juya.

Na buɗe sauran huɗun. Makinsu bai canja ba, matsayinsu ne ya motsa. A tsohuwar takarda Rahama ta zo ta biyar. A sabuwa ta zo ta ɗaya, sauran huɗun kowacce ta sauka da mataki guda. Wadda ta sauka daga ta ɗaya zuwa ta biyu, na ƙura wa sunanta ido har sai da harufan suka fara rawa.

Shuhada. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ku sani, makarantar tana da al'ada. Duk wadda ta zo ta ɗaya a aji biyar, ita makaranta ke ɗaukar nauyin shekararta ta ƙarshe har da rajistar jarrabawar fita. Na tuna ranar da aka kawo takardar gida, Umma ta yi guɗa, ta dafa shinkafa da kifi ta raba wa maƙwabta, ta ɗinka wa Shuhada leshi ruwan hoda.

Na buɗe tsohon tamfilet ɗin. Na bi shi daga sama har ƙasa, ban ga komai ba. Na sake bi. A karo na uku na lura wani layi da na ɗauka fanko ne yana da tsawo. Na ja shafin zuwa dama, na yi ta ja. Can ƙarshe, inda ido ba zai taɓa kaiwa ba sai da gangan, ga shi a kwance. Layi ɗaya tak. Ma'anarsa, in lambar ɗalibi 0417 ce kuma darasin lissafi ne, a juya lambobin makin kafin a haɗa jimla.

Ba a rage ba, ba a goge ba, juyawa aka yi. Don ko an kama, a ce kuskuren mai bugawa ne. Wanda ya yi wannan ya zauna ya yi tunani. Na duba ranar da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe, goma sha bakwai ga Yuli, kwana biyu kafin a raba sakamako.

"Yaya dai, an gama?"

Na zabura. Malam Saleh ne a bayana da kofin shayi. Ya leƙo allon.

"Ja biyar kawai? Ai kin yi ƙoƙari. Mene ne?"

"Ina kan dubawa, Malam."

"To ki hanzarta. Litinin nake son a kai wa makarantu."

Ya wuce. Na bi bayansa da kallo, har shi sai da na zarga. Shi ma yana taɓa fayilolin nan. Shugabar makarantar ma tana da makullin ɗakin kwamfuta. Amma zuciyata ta san tana kewaye-kewaye ne kawai. Mutum ɗaya ne ya ce in yi hankali da wannan fayil ɗin.

Ranar Juma'a na buga takardun Rahama biyu, tsohuwa da sabuwa, da layin nan, na ninke na sa a jaka. Na yafa lafayata ruwan toka na hau mota. Hanya duk ana yankan shinkafa a fadama, fasinjoji suna ta musun farashin tattasai, ni ban ji ko ɗaya ba. Da muka isa Nguru ban nufi gida ba. A rajistar makaranta an rubuta sana'ar uban Rahama kamun kifi ce, don haka na sauka a kasuwar kifi na yi tambaya. Ba a sha wuya ba aka nuna min ita.

Siririya ce, baƙa, da ɗan hijabi shuɗi da ya sha wanki. Tana zaune gefen mahaifiyarta tana jera bandar tarwaɗa a kwali.

"Ke ce Rahama? Ni yayar Shuhada ce."

Fuskarta ta washe. "Lale, Anti! Yaya Shuhada? Na kwana biyu ban gan ta ba."

"Ba kya zuwa makaranta ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba ya ce a dakata tukuna. Da ma da na zo ta ɗaya ne."

"Lissafi ne ya kayar da ke?"

Ta ɗago da sauri. "Anti, wallahi na amsa duk tambayoyin. Malaminmu ma ya ce na yi ƙoƙari. Amma ɗan bautar ƙasa ne, kafin takarda ta fito ya gama ya tafi garinsu. Na je ofis na yi kuka, aka ce min kwamfuta ba ta ƙarya."

Uwar ta zaɓo manyan kifi biyu ta naɗe a takarda ta ce in kai wa Shuhada, ƙawar 'yarta. Na ƙi, ta rantse. Haka na taho da kifin nan a hannu, nauyinsa kamar na ɗauko dutse.

A gida na tarar ana ta shirin gobe. An wanke tabarmi an shanya, an jiƙa gero, cincin yana ta ƙamshi a madafa. Umma ta tare ni da sabuwar lafaya mai ruwan zuma.

"Gwada in gani. Ita za ki sa in an ce ki fito gaisuwa. Me ya sami fuskarki?"

"Gajiyar mota ce, Umma."

Na shiga ɗaki na tura saƙo: "Ka zo bayan la'asar. Dole ne."

Ya zo a kan lokaci, cikin farar shadda da hula zanna, yana ƙamshi. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, na zauna nesa da shi fiye da yadda na saba. Ko gaisuwar kirki ban bari mun gama ba na ajiye takardun uku a gabansa.

Ya kalle su. Bai ɗauka ba. Abin da ya ba ni mamaki, bai firgita ba. Ajiyar zuciya ya yi kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Na ce ki bar min shi."

"Kai ka rubuta?"

"Ni na rubuta mana."

"Ko musu ba za ka yi ba?"

"Musun me, Radiyya? Tsakanina da ke?"

"Yarinyar tana kasuwa tana jera kifi, Taufiq. Yanzu na baro ta."

Nan ne fuskarsa ta canja. "Ban san ta bar makaranta ba. Wallahi ban sani ba. Kuma kwana biyu na yi ban yi barci ba kafin in yi. Amma ke kika ce."

"Ni na ce me?"

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya yi ta danne-danne, ya miƙo min.

"Ban goge ba. Na kasa."

Saƙo ne, ranar goma sha biyar ga Yuli. A sama an rubuta sunan da ya ajiye ni da shi, a ƙasa lambata. Tawa, ba kuskure ko ɗaya.

"In da gaske kake sona ka taimaki Shuhada ta zo ta ɗaya. Lambar yarinyar da ke gabanta 0417. Kada ka taɓa yi min maganar nan baki da baki, kunya nake ji."

Goma sha biyar ga Yuli. A makon nan ina kwance a gidan nan, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni, kwana shida ban san inda kaina yake ba, balle waya.

"Ba ni na rubuta ba," na ce.

"Lambarki ce."

"Na gani. Ba ni ba ce."

Na ga gumi ya tsattsafo masa a ƙasan hula. Sai yanzu na gane kallon nan na wata uku. Godiya yake jira a kan abin da ban san an yi ba.

"Taufiq, wata nawa ka san ni?"

"Radiyya..."

"Ka karanta wannan, ka yarda ni ce? Ko kira ba ka yi ba ka ji muryata?"

"An ce kada in yi maganar."

"To a ce ni ce ɗin. A ce ni na rubuta da hannuna. Sai ka yi?"

Ya ƙura wa darduma ido. Na so ya yi faɗa, na so ya kare kansa, ko na samu abin riƙewa in tsane shi. Bai yi ba. Da ya buɗe baki muryarsa ta dushe.

"Na ji tsoron in na ƙi zan rasa ki."

Masu karatu, ban san me za ku ce ba, amma ni a lokacin tausayinsa da haushinsa tare suka taso min, na rasa wanda zan haɗiye.

"Ranar Litinin sabuwar manhaja za ta tafi makarantu," na ce. "Ba zan mayar da layin nan ba. Kuma kafin ta tafi zan nuna wa Malam Saleh komai. In kana so ka riga ni zuwa wajensa, hanya a buɗe take, ya fi maka mutunci."

"Zai karɓe makarantun daga hannuna. Garin nan kowa zai ji."

"Wataƙila."

"Goben fa?"

"Kada ku zo."

"Me zan ce wa su Kawu? Sun riga sun sayi goro."

"Ka faɗa musu abin da za ka iya faɗa."

Ya miƙe a hankali. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman takalminsa, alhali yana gabansa.

"In ba ke ba ce, wa ya turo?"

Na kwashe takarduna na shiga gida.

Shuhada tana ɗakinmu, ta shimfiɗa bargo a ƙasa tana goge min lafayar gobe da dutsen guga na gawayi. Shekararta goma sha bakwai, amma a idona har yanzu yarinyar nan ce da nake goyawa in kai ta makarantar allo. Tun shigowata take kauce wa idona, sai yanzu na lura. Na tura ƙofa, na durƙusa a gabanta, na ajiye takardar Rahama a kan lafayar.

"Ƙawarki tana gaishe ki. Har kifi uwarta ta ba ni in kawo miki."

Ta kalli sunan. Ta kalli 83 ɗin. Dutsen gugar ya tsaya cak a hannunta.

"Sanda nake kwance ba lafiya, wa yake kai min waya caji?"

Ta kau da kai gefe.

"Shuhada, da ke nake."

"Ni ce, Yaya."

"Ke kika tura wa Taufiq saƙo da sunana?"

Hawaye suka zubo mata, wani na korar wani. Ta ajiye dutsen a kan murfin kwano, ta haɗa hannuwa biyu.

"Yaya, don Allah. Wallahi tun ranar ban ƙara jin daɗin makarantar ba. Kullum in na kalli kujerarta..."

"Tambayarki na yi."

"Ni dannawa kawai na yi," ta ce da ƙyar. "Faɗa min ake yi ina rubutawa."

"Wa yake faɗa miki?"

Idonta ne ya tsallake kafaɗata ya tsaya a ƙofa. Na juya.

Umma ce tsaye, ta ɗaga labule da hannu ɗaya, ɗaya hannun duk garin fulawa. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ba ta kalli Shuhada ba, ni ta kalla, kuma babu ko ɗigon kunya ko tsoro a idonta.

"Ƙyale yarinyar nan, Radiyya," ta ce a natse. "Ɗauko takardar ki biyo ni ɗaki. Ni za ki tambaya, ba ita ba."